Biyun Kano da Biyun Agadas

A bayan ɗakin girkin mahaifiyata a Agadas akwai sandunan ƙarfe guda biyu, baƙaƙe, masu nauyi, jingine da katanga. Ni na sa aka sayo su daga Kano, da kuɗin ƙanena, kuma har yau ba su yi aikin da aka sayo su dominsa ba. Shekara biyu ke nan ina tattara kalmomin da masu sana'ar hannu suka aro daga Faransanci, domin kundin digirina na biyu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, amma a cikin duk abin da na karanta babu wanda ya shiga jikina kamar abin da ya same ni a kan waɗannan sanduna. Shi ya sa na ga ya dace in ba abokan karatu labarinsu, ko da yake labarin bai yi mini ado ba.

Ƙanen nawa shi ne autanmu, Auta kuma kowa yake kiransa. Lakwal ba ta karɓe shi ba, ya bar ta tun bai yi nisa ba, amma Allah ya sa wa hannunsa albarka. Rediyo, fanka, wayar da ta faɗa ruwa, duk wanda aka kawo masa sai ya tashi. Wanda ya san Agadas ya san abin da ke jan saurayi irinsa. A shekarar 2015 aka kafa dokar da ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya, motoci da yawa suka tsaya. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar, hanyar Dirku ta sake cika. Wani direba da ya san mahaifinmu ya yi wa Auta tayin zama yaron motarsa. Inna kuwa ta san gidajen da aka yi zaman makoki ba a ga gawa ba, domin Tenere ba ta cika mayar da wanda ta riƙe ba. Tun daga ranar ta rage cin abinci. Mahaifinmu mutum ne mai lissafi, ya ce shi ba zai hana namiji neman na kansa ba, sai fa in Auta ya nuna masa wata sana'a da ke kawo kuɗi a cikin gari. Ya yanka masa wa'adi, daga bikin Biyanu zuwa Mauludi, wata biyu ke nan. Wannan a shekarar 2024 ne.

Sana'ar da Auta ya fito da ita ta ba kowa mamaki. Akwatin wasa ya ƙera, irin wanda ya daɗe yana kallon hotunansa a waya. Faransawa suna kiran wannan na'ura flipper. Tebur ne mai gangara da aka rufe da gilashi, ɗan ƙwallon ƙarfe yana gangarowa, mai wasa yana danna maɓallai biyu da ke gefe, wasu ƴan fikafikai biyu su doke ƙwallon ya koma sama. Sunan kansa abin dubawa ne ga mai nazarin harshe. Tushen wasan wani wasan tebur ne na Faransa na ƙarni na 18 mai suna bagatelle. Ya ƙetara Amurka, masana'antun Shikago suka sa masa lantarki, aka san shi da pinball. Fikafikan ba su zo ba sai a 1947, a wata na'ura ta kamfanin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty, kuma su kaɗai Amurkawa suke kira flipper. Da na'urar ta komo Faransa sai Faransawa suka ɗauki sunan fiffike suka laƙaba wa tebur ɗin gaba ɗaya, kamar yadda mukan ce wane yana neman rawani alhali sarautar yake nema. Irin wannan aika-aika suka yi da baby-foot, kalma mai kama da Ingilishi wadda mutumin Ingila bai san ta ba, ita ce ta zama bebifut a bakin yaran kowace unguwa ta Nijar.

Akwatin Auta ba shi da ƙwallon ƙarfe, hoton ƙwallo ne kawai. Ya samo tsohuwar tele mai inci 32 ya kwantar da ita rigingine, ya ɗora gilashi a samanta, ya ɓoye tsohuwar kwamfuta a cikin akwatin, ya sa mata wata manhaja ta kyauta mai suna Visual Pinball, wadda ta fito tun shekarar 2000. Maɓallan gefe kuwa ya haɗa su da hanjin wani mataccen allon rubutu na kwamfuta. Duk abin da ya tara a shekara guda na gyaran waya ya shiga ciki, har da kuɗin akuyar da Inna ta sayar ba da sanin mahaifinmu ba. Kuma abin ya yi aiki. Ranar da aka kunna shi a zaure, yara sun kusa karya ƙofa.

A ranar kuma aka gane abin da ya rage. Wasan yana sa mutum ya girgiza akwatin, ko da ƙwallon na hoto ne. Wani yaron maƙwabta ya girgiza, gilashin ya zame, bakinsa ya tsaga masa tafin hannu. Kafin la'asar rairayi ya shiga tsakanin gilashi da fuskar tele, wanda ya san iskar Agadas ba sai an yi masa bayani ba. Bakin katakon kuma, wurin da ake dafa hannu, ya fara tashi ɓawo-ɓawo saboda gumi. Mahaifinmu ya biya kuɗin ɗinkin hannun yaron, sannan ya ce ba za a fitar da wannan abu ƙofar gidansa yana yanka ƴaƴan mutane ba.

Na'urar asali tana da ƙarafa uku da ke maganin duk wannan. Biyu dogaye ne, suna bin gefen akwatin dama da hagu, suna rufe bakin katako da bakin gilashi. Na ukun yana gitte a gaba, a kansa mai wasa yake dafa hannu, shi ne kuma yake kulle gilashin kada ya zamo. Ana sayar da su a Amurka da Turai, amma ko da muna da kuɗinsu da kuɗin jirginsu, ba za su amfane mu ba. An ƙera su ne domin akwati mai faɗin kusan inci 22, wajen santimita 56 ke nan, da katako mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya. Auta kuwa telensa ya auna ya yi mata gida daidai jikinta, faɗin akwatin ya tsaya a santimita 47, katakonsa kuma mai milimita 15 ne, irin wanda ake samu a kasuwarmu.

A wannan hali na iso gida hutu, bayan tafiyar kilomita wajen 950 ta Tawa, da littafin kalmomina a aljihu. Auta ya nuna mini hotunan ƙarafan a waya ya ce, "Yaya, kai da ka san sunan komai, ka raka ni kasuwa. Ni in na je ban san me zan ce musu ba." Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. A gidanmu an daɗe ana tambayar me mutum zai yi da karatun harshen da ya sha a nono. Ga rana ta zo.

Kwana huɗu muka yi muna zaga shagunan kayan gini. Na fara da baget, domin kafintocin Yamai da na yi hira da su haka suke kiran siririn abin da ake rufe bakin katako da shi. A shagon farko yaron da ke tsaro ya dube ni, ya nuna mini mai burodi a tsallaken titi, kuma ba ba'a yake yi ba, a Faransanci kalma ɗaya ce. Na koma ga kwarniyar. Wannan kalma ina ƙaunarta, domin tana cikin misalan da na kafa babi guda a kansu. Hausa ba ta son gajeren wasalin o a rufaffiyar gaɓa, saboda haka in ya biyo bayan k sai ya rikiɗe ya zama wa. Haka cornière ta zama kwarniyar, kamar yadda l'école ta zama lakwal a wajenmu, ƴan'uwanmu na Nijeriya kuma suka sami kwalta da kwamfuta ta wannan hanya. Na yi wa Auta wannan bayani muna tafe cikin rana. Ya saurara da ladabi. Mai shago na biyu ya ji kwarniyar ya fito mana da wata siririyar alminiyam ta bakin tayil, wadda ɗan yatsa yake lanƙwasawa. Na uku ya kawo ta masu walda. Da na ce furofil, mai haɗa tagogi ya zube mana iri bakwai, kowanne da raminsa na gilashi, babu ko ɗaya da zai kama katako. Duk sunan da na kira akwai abin da ke amsa shi, sai dai ba namu ba.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na yanke cewa Agadas ce ta yi ƙanƙanta. Wani abokin karatuna yana da kawu mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda ake hada-hadar ƙarfe da kayan gini, iyaka kuma an sake buɗe ta tun watan Maris bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 2023. Na karɓi lambarsa na kira. A nan ne na ga kaina a fagen da na fi ƙwarewa, domin Hausar Kano da ta Agadas uwa ɗaya ce, amma a shagon ƙarfe kowace da ubangidan da ta yi wa aro. Mu muna cewa sudur, su walda. Mu bis da turnabis, su sukuru da sukundireba. Na ce masa ina son bulon, ya ce, "Bulon me, Malam? Na siminti?" Ya ji bulo ne, tubalin gini, ya ɗauki n ɗin ƙarshe a matsayin mahaɗin mallaka, yana jiran in ƙarasa. Na yi dariya, na rubuta a littafina, na ce noti nake nufi. Ko kuɗi sai da muka warware, domin jaka a bakina sefa dubu ce, a bakin dattawan Kano kuwa naira ɗari biyu. Sannan na zo kan babbar buƙata. Na san abin da muke kira kwarniyar su angul suke ce masa, na faɗa da gadara. Ya ce, "Mai nawa?" Na dubi takardar da Auta ya rubuta mini awo, na ce, "Mai biyu." Ya ce an gama.

Kwana tara kayan suka yi a hanya, daga Kano zuwa Damagaram, daga can ta Tanut zuwa tashar Agadas. Da yaron mota ya sauko da su sai da ya yi nishi. Sanda ɗaya ce doguwa aka raba biyu domin ta shiga mota, baƙin ƙarfe, irin wanda ake yin ƙofar gareji da gadon ƙarfe da shi.

Mutumin bai cuce ni ba, abin da na ce shi ya aiko. Biyu a takardar Auta santimita biyu ce. Biyu a Ƙofar Ruwa inci biyu ne, inci kuwa milimita 25.4 ne, wato na sayi abin da ya ninka buƙatarmu sau biyu da rabi. Angul kuma, in ba ka ƙara masa komai ba, baƙin ƙarfe ne, mai son na alminiyam shi ne yake da nauyin faɗa. Na fassara sunan daidai, na bar abu biyu da babu wanda yake furta su a kasuwarsa domin kowa ya san su, ma'auni da jinsin ƙarfe. A aji mun sha tattauna yadda mai magana da mai sauraro suke jingina da abin da suka yi tarayya a saninsa, har na taɓa samun maki mai kyau a wannan tambaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa lamba ma tana da karin harshe ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanen da.

Jaka goma sha huɗu abin ya ci, da kuɗin mota, kuma su ne ƙarshen kuɗin Auta. Ya ɗaga sanda ɗaya ya gwada ta a gefen akwatin, ta rufe maɓalli, ta shiga fuskar tele. Ya sauke ta a hankali ya ce, "Ba komai, Yaya." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Washegari da dare na same shi a tsakar gida da jarka ta ruwa, yana ɗinke ta cikin buhu da basilla. Duk ɗan Agadas ya san wannan jarka, ita masu hawa bayan mota zuwa Libiya suke riƙewa, buhun yana hana ruwan zafi. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana kallonsa, ba ta ce uffan ba. Saura kwana goma sha takwas Mauludi.

Inna ce ta ce mu je wurin maƙerin da ya yi mata kayan azurfa na aurenta. Ni a lokacin ban ga haɗin ba. Hausa ta raba maƙera biyu, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu zobe da munduwa, kuma a lissafina babu wanda aikinmu ya faɗa hannunsa a cikinsu. Amma ba ni da sauran bakin musu.

Maƙerarsa tana cikin tsohon gari, ba nisa da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, a yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Dattijo ne daga cikin maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan da Tamajak, ɗaya kuma enad. Su ne masu zuba azurfa a gurbin kakin zuma su fitar da shahararriyar sarƙar nan ta Agadas. Tun daga tawayen 2007 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, shi ma ya koma gyaran kwaɗo da butar shayi da duk abin da aka kawo. Muka gaisa, ya tambayi Inna da mahaifinmu da gajiyar hanya. Sai na buɗe baki. Na ce masa kamar kwarniyar ne amma ba ita ba, kamar baget amma na ƙarfe, kamar furofil amma mai kama katako, na kawo santimita, na kawo milimita, na miƙa masa waya. Bai ko dubi wayar ba. Ya bar ni na ƙare tas, sannan ya ce, "Ɗan lakwal, ina abun yake?" Na ce, "Yana gida, Baba." Ya ce, "To mi ka kawo mini?"

A amalanken jaki muka kai masa akwatin, lulluɓe da bargo. Ya zagaya shi sau biyu yana shafa bakin katakon da babban yatsa. Ya ɗauko guntuwar wayar tagulla mai laushi ya kwantar da ita a kan bakin, ya danna ta ta bi katakon daga waje, ta hau sama, ta sauka kan gilashi, ya zare ta a hankali. Siffar da muka yi kwana huɗu muna neman sunanta ga ta nan a tsakanin yatsunsa. Ya sake yin haka a wuri uku, ya jera wayoyin a ƙasa, ba su zo ɗaya ba. Sannan ya tsinko kaba ya gitta ta a gaban akwatin, ya datse da farce, ya kai ta baya, sai ta gaza da kusan kaurin ɗan yatsa. Ya dubi Auta ya ce, "Yaro, akwatinka gabansa ya fi bayansa tsukewa, haƙarƙarinsa na hagu kuma ya yi ciki. Iccen ya sha zafi." Ashe ko da Kano ta aiko mana da santimita biyu ta alminiyam, ko da Shikago ce ta aiko da nata, babu wanda zai zauna. Lambar 47 da ke takardarmu gaskiya ce a wuri ɗaya kawai, wurin da Auta ya ɗora ma'auninsa.

Ya yi magana da ɗansa da Tamajak, a tsakiya suka sauya zuwa wasu kalmomi da ban kama ko ɗaya ba, suka yi dariya. Na san daga karatu cewa inadan suna da zaurancensu da ake kira tenet, wanda suke yi in ba su son na waje ya ji, kuma ina kyautata zaton a kaina aka yi shi. Garin ya saba da irin wannan. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850 ya tarar ana magana da wani reshe na Sanwayanci a cikinta, yau kuwa Hausa ce harshen titi, Tamajak na gefenta, Faransanci a ofis, Larabci a tashar Libiya. Na ga dai duk wannan taron harsuna bai hana dattijon komawa ga waya da kaba ba.

Ya aiki ɗansa da Auta wurin masu sayar da matattun motoci, da wayar tagulla ɗaya a hannu. Ya ce kada su tambayi kowa sunan komai, su riƙa gwada wayar a jikin duk abin da suka gani. Kafin azahar suka dawo da bakin tagar wata tsohuwar bas, alminiyam mai kauri, da raminsa na gilashi tun daga masana'anta, da kuma guntun murfin firji na farin ƙarfe mara tsatsa. Kuɗin duka bai kai rubu'in abin da na kashe a Kano ba, Inna ce ta biya.

Kwana uku na zauna a maƙerar, na ga aikin da idona. Bai tilasta wa akwatin ya miƙe ba. Ya ɗora alminiyam ɗin a kan uwar maƙera yana bugunsa da ƙaramar masaba, kaɗan-kaɗan, ya kai jikin katako ya gwada, ya dawo ya ƙara, har na hagun ya ɗauki cikin da katakon ya yi. Ƙarfen gaba shi ya fi cin lokaci, domin a kansa hannu zai zauna. Ya naɗe bakinsa ciki kada ya yi kaifi, ya bi shi da magagari, ya goge da toka da tsumma, sannan ya kira jikarsa ƴar shekara biyar ya sa ta shafa shi da tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai da ta ce ba ya cizo ya yarda. A ƙasansa ya yi wani ɗan makulli irin na tsofaffin kwaɗunan Abzinawa, yadda Auta kaɗai zai iya zare gilashin in zai share ƙura.

Littafina yana kan gwiwata duk tsawon kwanakin, kuma abin da na rubuta ya ba ni kunya da daɗi a haɗe. A kwana ukun nan ban ji kwarniyar ko furofil a bakinsa ba. Ƙarafan gefe leɓe ya kira su, na dama da na hagu. Na gaba goshi. Ƴan guntayen da suka lanƙwaso suka kama kusurwa kunnuwa ne. Naɗe bakin ƙarfe kuwa kalmasa ya ce, kalmar da na ɗauka ta maɗinka ce kaɗai. Auta bai taɓa tambayarsa me yake nufi ba, ɗansa ma haka, ni ma haka. Mu ɗaliban harshe mun san wannan hanya, ita ce ta ba mu kan dutse da bakin kogi da gindin bishiya da bayan gari da goshin magariba, har wasu sunayen gaɓoɓin suka tsufa a wannan aiki suka zama ƴan kalmomin nuna wuri, muka manta da jiki suka fito. Na sha koyar da wannan ga ƴan shekarar farko a matsayin tarihi, abin da ya riga ya faru ya ƙare. Ga shi yana faruwa a gabana, a kan na'urar da ba a taɓa yin irinta a unguwar ba. Na shekara biyu ina farautar kalmomin aro a bakin masu sana'a, duk wadda ba ta da ƙamshin Faransanci ina barinta ta wuce, domin ba ta cikin taken kundina.

A rana ta uku na kasa haƙuri na ce, "Baba, shi wannan goshin, mene ne sunansa na ainihi da Tamajak?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yau aka haife shi, ɗan lakwal. Suna sai ran bakwai."

Na san akwai wanda zai ce ai kalmar aro ma haka take, baƙuwa ce da ake bugu a kan uwar maƙera har ta zauna a bakin masu harshe. Ni ma kwatancin ya zo mini, har na rubuta shi a gefen shafi, daga baya na soke. Yana da daɗin faɗa a taron ƙara wa juna sani, amma yana ɓoye inda na yi kuskure. Kwarniyar ta zauna a bakina daram, kowane sauti nata na iya bayaninsa, kuma ban san abin da take nufi a hannun mai shago ba. Tun 1909 Rudolf Meringer da abokansa suka kafa mujalla a Jamus mai suna Wörter und Sachen, wato kalmomi da abubuwa, a kan cewa ba a bin tarihin kalma a bar abin da take suna. Na haddace sunan da shekarar domin jarrabawa. Da na koma Yamai na ɗauki jerin kalmomina na shiga kasuwar Katako, na ce wa kaina duk kalmar da na karanta sai in nuna abinta da yatsa kafin mai shago ya nuna mini. Fiye da rabi na kasa. Wasu kuma na tarar abu biyu ko uku suke nufi, gwargwadon layin da ka tsaya, na masu walda ko na kafintoci ko na masu zuba tukwanen alminiyam. Na je na gaya wa malamin da ke duba aikina cewa babi na uku sai an sake shi, da hoto da awo a gaban kowace kalma, da sunan sana'ar wanda ya faɗe ta. Ya ce hakan zai ci mini wata shida. Ya ci fiye da haka.

Saura kwana huɗu Mauludi aka fitar da akwatin ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, kusa da mai bebifut. Dala biyar ake biya a yi wasa ɗaya. Mahaifinmu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya yi yamma uku yana ƙirga yaran da ke shiga layi, carbinsa a hannu, ban san ko tasbihi yake ja ko lissafi ba. Bai ce an ci wa'adi ba, bai ce an faɗi ba. Ranar Litinin da ta biyo bayan Mauludi direban nan ya tashi da wani yaron. Jarkar tana nan a ɗakin Auta, bai farke buhun ba, Inna kuma takan leƙa ta duba ko tana wurinta.

Yaran unguwa ba su jira ran bakwai ba. Babu mai cewa filifa, sunan da ni da Auta muka so ya kama. Tele-kwance suke ce mata, kuma mace suka mayar da ita: tele-kwance ta mutu in an ɗauke wuta, tele-kwance ta tashi in an kawo. Na rubuta, da kwanan wata da unguwa da shekarun yaron da na fara ji a bakinsa.

Daga cikin jaka goma sha huɗun nan na biya Auta tara daga kuɗin tallafin karatuna, saura biyar. Bai taɓa tambaya ba. A hutun da ya wuce Inna ta ce a ba ta sandunan ta tokare rumfar girkinta da su, Auta ya hana. Ya ce ya samo wata tele mai inci 40, akwati na biyu kuma zai fi na farko nauyi, ƙafafun katako ba za su ɗauke shi ba. Ya riga ya kai wa dattijon sanda ɗaya ya gani.